Gyaran kan geisha a gida: ɗauki siffar, ki bar musu ɗaurin

Tambaya: Anti, barka da aiki. Makarantarmu za ta yi ranar al'adun ƙasashe, rukuninmu ya samu Japan, kuma ni aka zaɓa in yi shigar geisha. Gashina ban taɓa sa masa rilaza ba, in an miƙar da shi yana taɓa kafaɗa, sai dai gaban kaina ya fara cinyewa saboda kitso. Zan iya yin gyaran kansu a gida ba tare da na ƙarasa gashin ba?

Za ki iya, ƙanwata, amma ba ta hanyar da ake yin sa a Kiyoto ba. Na daɗe ina gyaran kan amare da na 'yan wasan dandamali, kuma gyaran Japanawa, wanda suke kira nihongami, yana cikin abubuwan da na zauna na koya don kaina saboda yadda gininsa ya ba ni sha'awa. Kafin ki taɓa mataji, akwai abin da nake so ki sani game da hotunan da suka burge ki.

In cikakkiyar geisha kika gani, galibi abin da ke kanta ba gashinta ba ne. Hular gashi ce da ake kira katsura, ana ƙera ta daidai kan mai ita bisa wani siririn ƙarfe mara nauyi, ainihin gashin kuma yana kwance a ƙasa an ɗaure shi da ƙyallen siliki. Tun bayan yaƙin duniya na biyu wannan ya zama al'adarsu. Waɗanda har gobe ake yi wa gyaran da gashin kansu su ne maiko, 'yan matan da ke koyon sana'ar a unguwanni biyar na Kiyoto: Gion Kobu, Gion Higashi, Pontocho, Miyagawacho da Kamishichiken. Yarinya takan shigo tana da shekara 15 ko 16, ta yi wajen shekara biyar tana koyon rawa da kiɗa da ladabin zama da baƙi, sannan a sauya mata wuyan riga daga ja zuwa fari ta zama geiko, yadda mutanen Kiyoto ke kiran geisha. Daga ranar sai ta koma hula. A waɗannan shekaru biyar da yawansu kan samu wani ɗan sanƙo a tsakar kai, kewayayye kamar kwabo, har suna yi masa kirari da lambar yabon maiko. Wato masu abin ma, da gwanayen da suka gāji sana'ar, ba su tsira ba. Don haka mu duba me ke jawo shi, sai mu kauce masa.

Gyaran yana da sassa huɗu da ke haɗuwa a wuri ɗaya. Akwai gashin goshi, maegami, da ake tayar da shi ya yi tudu. Akwai fukafukan gefe biyu, bin, da ke buɗewa su rufe saman kunne. Akwai na ƙeya, wanda mutanen Tokiyo ke kira tabo, na Kiyoto su ce tsuto. Sai tulin da ke sama, mage, wanda shi ke bambanta wannan salo da wancan. Dukkansu ana tattaro su a ɗaure a jikin wani ɗan tukku da aka fara ɗaurewa a tsakar kai, wanda a Japananci ake kira “ne”, ma'anarsa saiwa. Da zaren takarda mai ƙarfi, motoyui, ake tamke shi, tamkewar da ba ta sassautawa. Wannan ɗan tukku shi ke ɗauke da nauyin komai: gashin, ƙarin gashin, ƙyallayen, da kayan ado. Kafin nan an bi gashin da ƙarfe mai zafi an miƙar, an shafe shi da bintsuke, wani kaki mai tauri da ake haɗawa daga 'ya'yan itacen haze da man shuka, irin wanda 'yan kokawar sumo ke ɗaure gashinsu da shi. Sai a bar gyaran ya kwana wajen mako guda. Maiko ba ta kwanciya a kan matashi irin namu. Wani ɗan dandamalin katako ne mai ƙaramin matashi a sama, takamakura, take ɗora wuyanta a kai don kan ya rataya bai taɓa shimfiɗa ba. Mako ya zagayo a wanke, a sake ɗaurewa a daidai wurin nan. Shekara biyar ana jan saiwa ɗaya.

To kin ga ɓarnar ba daga kyan siffar take ba. Daga ja ne a ƙaramin wuri, da daɗewa, da kuma wahalar fitar da kaki. Tudun nan da kike gani kuwa, cikinsa holoƙo ne. Cusa ake yi da wani curin gashi mai laushi, ketabo, wanda sau da yawa na dabbar yak ne, a lulluɓe shi da ainihin gashi. Duk wadda ta taɓa ganin kitson doka na kakanninmu ta san wannan dabara, domin su ma tsumma suke sawa a ciki a ɗora gashi a kai ya tashi. Wannan shi ne abin da za mu riƙe: tsawo da faɗi daga cusa za su fito, ba daga ja ba.

Su kansu Japanawa sun sassauta abin. Yarinyar da za a kai bikin Shichi-Go-San, wato bikin yara masu shekara uku, biyar da bakwai, ko budurwar da za ta je bikin cikar shekara 20, ba a yi mata na maiko. Akwai sabon salo, shin-nihongami, da ake yi da fil da man gashi na zamani, a warware shi a daren. Shi za mu bi, da gyare-gyaren da suka dace da irin gashinmu. Gashin mutanen gabashin Asiya in aka yanka sili aka duba, kewayayye ne mai kauri, yana jure ja da tsefewa. Namu ya fi kama da ƙwai a siffa, yana murɗewa, kuma kowace murɗa wuri ne da zai iya tsinkewa. Amma muna da abin da ba su da shi: namu yana da cika tun daga Allah. Su sai sun tsefe gashi baya-baya sun hargitsa shi kafin ya tashi. Ke kada ki yi wannan ko sau ɗaya, ba ki da bukatarsa, kuma yana kankare bayan silin gashi.

Na san za a ba ki shawarar ki sa rilaza don ya kwanta ya yi sheƙi kamar nasu. Ina roƙonki kada ki yi. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta a Jami'ar Kef Tawun sun duba mata da 'yan makaranta a Afirka ta Kudu, suka samu kusan mace ɗaya cikin uku tana da zubewar gashi ta dalilin ja, kuma haɗarin ya fi yawa idan aka ja gashin da aka sa wa rilaza. Ke da gabanki ya riga ya fara, rana ɗaya ba ta kai ki sayar da shi ba. Abin da za ki yi, saura kwana uku ki wanke kai, ki sa kwandishana ki tsefe da yatsu sannan da babban mataji, daga baki zuwa gindi. Yana da sauran danshi ki raba shi gida takwas ko goma ki yi kitson zare, sako-sako a gindi, ki bar shi ya bushe sarai. In kika kwance za ki same shi ya miƙe ba wuta. In ya zama dole sai an sa zafi, to handiraya a matsakaici ta wadatar. Ƙarfen miƙarwa kuwa kada ya haura digiri 180 a ma'aunin Celsius, a bi sau ɗaya, kuma kada ya taɓa gashi mai jiƙe, domin ruwan da ke cikin silin tafasa yake yi ya fasa shi daga ciki.

Sai ki zaɓi salo. Maiko sabuwa wareshinobu take yi, tuli kewayayye da jan ƙyalle ke leƙowa ta gaba da ta baya. In ta girma a koyo sai ta koma ofuku, mai ƙyalle mai kusurwa uku a ƙasan tulin ta baya. Akwai yakko shimada na sabuwar shekara da manyan ranaku, da katsuyama na watan Yuli lokacin bikin Gion, da sakko na makonnin ƙarshe kafin ta zama geiko. Hular geisha kuma salon shimada ce, inda ake naɗe jelar gashi a ɗaure ta a tsakiya. Da gashi iya kafaɗa, wareshinobu nake ba ki shawara. Ya fi sauƙin gini, ba ya neman tsawo, kuma shi ne wanda ke tafiya da furanni masu lilo da mutane ke ɗauka na geisha ne. Sai dai in kina gabatar da shigar ki faɗa wa masu kallo cewa ta maiko ce. Za ki ƙara musu sani.

Ga yadda nake yi a shago. Da kibiya nake fitar da da'ira a tsakar kai, ba ƙarama irin tasu ba, faɗin tafin hannu. Maimakon in ɗaure ta tukku, sai in kitse ta kalaba biyu ko uku a kwance, in naɗe su su zama kamar ɗan faifai, in riƙe da fil. Wannan faifan shi ne harsashin ginin. Duk wani fil da zai ɗauki nauyi a cikinsa zai shiga, nauyin ya bazu a kan dubban sili maimakon 'yan ɗari. Ki gwada shi tun a nan: ɗaga gira, juya wuya dama da hagu, sunkuya. In kin ji wani wuri yana tsikara, kwance ki sake. Kada kowa ya ce miki zai saki zuwa anjima. Kitson da ke sa mace ta sha maganin ciwon kai ya riga ya fara cire gashi.

Abin cusawa ba sai kin nemi na yak ba. Baƙin ulu za ki samu, ki warware shi ki yayyage ya yi laushi, ki zuba a cikin ragar gashi ko yankakkiyar baƙar safa mai shara-shara. Guda huɗu: ɗaya kamar ƙwai na goshi, biyu masu lanƙwasa kamar ayaba na gefe, ɗaya mai faɗi na ƙeya. Ki ɗora su duka a tafin hannu ki ji. In sun yi miki nauyi a hannu, sun fi ƙarfin kai, rage. Na san da yawa a cikinmu ba sa ƙarin gashi saboda hanin da ya zo a hadisi, shi ya sa duk abin da nake ambata miki ulu ne da ƙyalle, in kuma kina da shakka ko a kan wannan sai ki tambayi malaminki.

Da ƙeya ake farawa. Ki kafa curin a ƙasan faifan, ki tattaro gashin ƙeya sama ya rufe shi, ki soke bakinsa a faifan. Ki bar shi ya ɗan yi ciki, kada ki miƙar. Sai gefe, kuma nan ne kyan yake, nan ne kuma ake ɗaukar lokaci. Ki kafa ayabar ulun daga saman kunne zuwa baya, fil ɗinta yana kama faifan ba gashin gefe ba. Ki ɗago gashin gefen a tafin hannunki ki baza shi kamar mafici, ki shimfiɗa a kan curin, ki kai bakinsa tsakiya ki soke. Sannan ki sa wutsiyar kibiya ta ciki ki ɗan turo shi waje har ya buɗe ya rufe rabin kunne. Gwanayen Kiyoto da matajin katakon tsuge suke fitar da layukan nan masu kyau da kike gani, haƙoransa sun sha man tsubaki, wato man 'ya'yan itacen kameliya. Ke buroshi mai laushi ya ishe ki, kuma saman kawai za ki shafa, ba za ki nutsa shi ciki ba. Man tsubaki da man zaitun 'yan uwan juna ne a sinadari, don haka ɗigo uku ko huɗu na zaitun a tafin hannu zai ba ki sheƙin. Don ya kwanta, ki ɗan sa jel wanda ruwa ke wankewa, mara barasa, ki ɗaura ɗankwalin siliki minti goma sha biyar.

Gashin goshi shi ne na ƙarshe da za a ɗora a kan curi, kuma a kanki shi ne abin lallaɓawa. Waɗannan ƙananan gashin da suka rage a bakin goshi, faɗin yatsa ɗaya, ki fitar da su daga aikin gaba ɗaya. Kada su shiga ɗauri, kada buroshi mai tauri ya bi ta kansu. Ki kwantar da su da yatsa kawai. Na bayansu za ki ɗora a kan ƙwan ulun, ki ɗaure da ɗan jan ƙyalle sako-sako, ki kai bakin faifai. In yatsarki ba ta shiga ƙarƙashin ɗaurin ba, ya yi tsauri. Roba tsirara irin ta ɗaure kuɗi kada ta kusanci kanki.

Tulin kuma a hannu za ki gina shi, ba a kai ba. Ki yanke bakin baƙar safa ki naɗe ta ta zama zobe mai kauri, ki lulluɓe da jan ƙyalle, in da hali mai ɗigo-ɗigon fari, don nasu ƙyallen, kanoko, rinin ɗauri ne. Ki rufe gefe da gefen zoben da baƙin ulu da aka shimfiɗa sili-sili, ki bar jan yana leƙowa gaba da baya. Sai ki ɗora shi a kan faifan, ya ɓoye duk bakunan gashin da kika tara, ki soke da manyan fil huɗu masu kan roba. Ki sa ɗan abin ado kewayayye a tsakiyarsa.

Kayan adon, kanzashi, suna da ƙa'ida mai daɗi da nake so ki yi amfani da ita. Maiko tana sauya furen kanta kowane wata: furen ume a Fabrairu, sakura a Afrilu, fuji mai zubowa kamar inabi a Mayu, ƙananan mafitai a Yuli, kiku a Oktoba, jajayen ganyen momiji a Nuwamba. A Disamba akwai wasu 'yan allunan da take kaiwa 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiyarsu, na gidan wasa na Minamiza su rubuta mata sunansu. Ki duba watan da bikinku ya faɗo ki yi na watan. Da ƙananan yankunan siliki masu kusurwa huɗu ake naɗe furannin a manne da kunun shinkafa, kuma ragowar ƙyallen tela zai yi miki. Duk abin da za ki soke, a cikin curin ulu zai shiga, kada tsininsa ya zauna a kan fatar kai. Kuma don Allah kada ki soka sandunan cin abinci. Na cin abinci ne kawai, Japanawa ba sa sa su a gashi. In za ki shafa farar hodar fuska, ki bar siririn layin fata a bakin gashi bai shafu ba. Haka maiko suke yi, ke kuma ya tsare miki gaban kai daga wanki da gurza.

Yanzu maganar da ta fi komai: awa shida zuwa takwas, sai a sauke. Ba kwana da shi, ko da ya yi kyan da kike jin tausayin rushe shi. Kuma a sauka ne na fi ganin an yi asara. Farkon koyona na taɓa haɗa kakin zuma da mai don in kwaikwayi bintsuke a kan wata yarinya da za ta hau dandamali. Ya tsaya cak, ya yi sheƙi, kowa ya yaba. Washegari uwarta ta dawo da ita, gashin ya dunƙule kamar an zuba masa kyandir, sun yi ta wanki da ruwan ɗumi bai motsa ba, sun sa mataji ya ɗebo abin da ya ɗebo. Kakin zuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, ruwan da ya kai haka kuwa ƙona fata zai yi. Na zaunar da ita na jiƙe kan da man zaitun, na rufe da leda da tawul mai ɗumi, na yi ta bi da yatsa tsagi-tsagi har la'asar. Abin da ya karye a gefen kunnenta sai da ya ɗauki watanni kafin ya cike, domin gashi wajen santimita ɗaya yake yi a wata. Tun daga ranar kaki bai sake hawa kan kowa a hannuna ba.

Ke da ba ki sa kaki ba, aikinki mai sauƙi ne. Ki cire adon, sai tulin, sai fil ɗaya bayan ɗaya; ki ƙirga su lokacin sawa don ki san babu wanda ya maƙale. Kada ki tsefe gashi jel na bushe a jikinsa, nan yake karyewa kamar tsinke. Ki fesa ruwa, ki shafa mai, ki jira ya yi laushi, ki warware da yatsu. Sannan ki wanke da karkashi. Matan Japan na dā da wata ciyawar teku mai yauƙi, funori, haɗe da garin alkama suke wanke kansu, kuma aikin da yauƙin ke yi musu shi ne wanda karkashi ke yi mana: sili ya zame a kan sili ba tare da ya sarƙe ba. In kin ga gashi a hannunki kada hankalinki ya tashi nan take, mutum yakan zubar da 50 zuwa 100 a rana. Ki duba shi: mai tsawo da ɗan farin kai a gindi zubar al'ada ce, gajeru guntu-guntu su ne karyewa.

Akwai halin da zan ce miki kada ki yi da gashinki sam. In bakin goshin yana da ƙananan ƙuraje, ko yana zafi in an taɓa, ko fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli babu ko ɗigon ramin gashi, to wurin yana neman likitan fata ne, ba gyara ba. Zubewar ja tana warkewa in an tsaya da wuri, amma in saiwar ta mutu ta zama tabo, babu man da zai dawo da ita. A wannan hali sai ki yi kalaba manya sako-sako, ki samu baƙar hula mai kama kai, ki ɗinke curin ulun nan huɗu da tulin a jikinta, ki lulluɓe da ulu, ki sa ta kamar yadda geiko ke sa tata. Ba gam, ba mataji mai cizo a gaba. Ɗan madaurin karan-miski a ƙasa zai hana ta zamewa.

Ko wanne kika zaɓa, ki gwada shi saura mako guda, da wata mai taimaka miki a bayanki, don ƙeya da gefe ba sa yiwuwa da hannu biyu da madubi ɗaya. Karon farko zai ci muku kamar awa biyu. Ki zauna da shi awa uku a gida, ki yi tafiya, ki durƙusa irin zaman da za ki yi a dandamali, ki lura da inda ya fara damunki, ranar bikin sai a sassauta wurin. Bayan biki kuma ki ba kan hutun mako biyu ba shuku ba zane, kalaba huɗu kawai da man kaɗe a baki, ki rinƙa kwana da ɗankwalin siliki.